Ranar Da Ban Hau Bene Ba

Na rubuta muku labarin yarintata da na shekarun da na yi ina koyarwa ba tare da wata wahala ba. Wannan shekarar kuwa, shekarar da jirgin babanku ya faɗi, sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Abin da ya sa na dawo na ɗauka shi ne wata magana da na ji ranar sunan ɗanka, kai Abba. Ina zaune a ɗakin maijego, jaririn yana cinyata, wata mata daga dangin matarka da ba ta gane ni ba ta karkato wajen ta kusa da ita, ta rage murya kaɗan, irin ragewar da ake yi don a ji.

"Gara da ba a sa masa sunan kakan nan nasa ba. Ai shi ne direban jirgin da ya yi ganganci ya kashe Alhaji Sabo."

Na gyara wa yaron hula na miƙa shi. Da taro ya watse na tambaye ka dalilin da ya sa ka tsallake sunan ubanka, ka sunkuyar da kai ka ce ba ka son yaro ya taso ana yi masa tambayoyin da aka riƙa yi maka a makaranta. Ban ga laifinka ba. Mu da muka san abin da ya faru muka kama bakinmu, muka bar ku kuka girma da labarin da gari ya ga dama ya ba ku, mu ne masu laifi. To yau zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Babanku shi ne auta a gidan Gwani, kakanku, mutanen Borno da suka zauna a Ƙofar Ruwa tun kafin a haifi kowa da ke raye yau. Gidan allo da tawada ne, shi kaɗai ya fanɗare ya koyi tuƙin jirgin sama, kuma har ya yi furfura ba wanda ya daina kiransa Auta a unguwar. A filin jirgi ne kawai yake Kyaftin. Mutumin da gari yake kira mai ganganci, ni na zauna da shi. Mutum ne da in zai kai mu biki a mota sai ya kewaye ta yana taɓa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, mu muna tsaye a rana da kwalliyarmu tana narkewa. Sau nawa na ce masa, "Kyaftin, Gwale za mu, ba Makka ba." Sai ya yi dariya ya ci gaba da dubawa. Jirgin da yake tuƙawa ƙarami ne, kujeru shida, babu ko ƙofa tsakanin matuƙi da fasinja. Na Alhaji Sabo ne, babban ɗan kasuwar hatsi, wanda ya yi karatun allo a gaban Gwani, ya kuma san babanku tun yana rarrafe. Ku riƙe wannan, domin mutumin da ya taɓa goya ka yana da wuya ka ce masa a'a.

Babanku yana da wata ɗabi'a da ta fara kamar wasa. Duk ranar da zai dawo Kano a lokacin damina, bayan ya karɓi bayanin yanayi daga ma'aikatan da aikinsu ke nan, sai ya kira ni ya ce in hau bene in duba masa gabas. Daga saman gidanmu na Gwammaja ana hango wajen filin jirgi, har saukar jirage muna gani. Shi ya koya mini abin da zan duba. In hadari yana sama yana da fari a ƙasansa, da sauran lokaci. In baƙin ya sauko ya taɓa ƙasa, iska kuma ta juyo da sanyi, to ya iso ke nan, kada wanda ya yi gardama da shi. Yakan ce na'urorinsu suna da kyau, amma ba su da ido a Gwammaja. Na ɗauki aikin da muhimmanci fiye da yadda nake nuna masa. Ko ina tsakiyar tuƙa tuwo zan ajiye muciya in hau. Sau biyu ya kwana a wani gari saboda abin da na gaya masa, kuma duka biyun an yi ruwan da ya ɗaye rufin gidaje.

Ranar da abin ya faru, farkon damina ne, sun tafi da Alhaji wani gari a gabas, tafiyar kamar awa guda a sama. Da hantsi Allah ya yi wa Hajiya Inna, mahaifiyar Alhaji, rasuwa a gidanta na Ƙofar Ruwa. Kun san yadda muke yi a garin nan. Wanda ya rasu da hantsi, kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Ba ma ajiye gawa, kuma malamanmu kullum suna yi mana wa'azi a kan haka. Amma da aka sanar da Alhaji sai ya ce kada a rufe ta sai ya zo. Dattawa suka yi gunaguni a zaure, kowa ya ce bai dace ba, amma ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauki waya ya ce masa, Alhaji ka yi haƙuri, za mu rufe ta, ka zo ka yi mata addu'a a kabari. Sai aka ɗage jana'iza zuwa bayan la'asar. An riga an haƙa kabari, an sa ta a likkafani, makara tana jingine a bango.

Ni ina cikin gida tare da mata, a kan tabarma a bakin rumfa, kusa da ƙofar da ke fita zaure. Hajiya Binta, ƙanwar Alhaji, tana gefena tana kuka, ta riƙe hannuna tun da na zauna. Bayan azahar gari ya yi wani irin zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi, sannan hasken tsakar gida ya fara sauyawa. A nan na ji muryar Yaya Malam, wato Malam Modu, yayan babanku, wanda shi zai ja sallar gawa. Kun san muryarsa, ba ya buƙatar lasifika. Yana tsaye a bakin ƙofar yana waya.

"Auta, wane irin jira kuma? Baiwar Allah tun hantsi tana kwance. An haƙa kabari, ga hadari yana haɗuwa, in ruwa ya sauka zai cika shi taf."

Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ƙara ɗaga murya.

"To ai shi ya sa nake cewa ku yi sauri ku riga shi zuwa! Awa biyu? Ka san ko su wa ke zaune a ƙofar gidan nan tun azahar? Ni nake gaya maka, ka ɗauko mutumin nan ku taso."

Har yau in na tuna maganar nan sai jinina ya tafasa. Hadarin da ya kamata ya zama dalilin a ce musu su zauna inda suke, shi aka juya ya zama dalilin a ce su yi sauri. Ana tsoron ruwa ya shiga ramin da babu kowa a ciki, ba a tsoron iska ta daki jirgin da ke ɗauke da rai huɗu. Kuma ba jahili ne ya faɗa ba, mutum ne da ya haddace Alƙur'ani tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Mazan da ke zaure duk sun ji, na kuma ji wasu suna cewa, "Gaskiya ne, Malam."

Ba a yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara. Na san ko wane ne tun kafin in duba.

"Rabi, kina gidan rasuwar? Akwai bene a nan. Hau ki duba mini gabas."

Matakalar benen tana nan a gabana, taku goma bai kai ba. Amma tsakanina da ita akwai mata sun fi talatin a zaune kafaɗa da kafaɗa, wasu sun haife ni, kuma ɗakin da gawa take yana gindin matakalar. Sai in tashi in tsallake ƙafafun mutane, in wuce ta kan gawa, in hau saman gidan da ba nawa ba, ina leƙen sama kamar mai neman tsuntsu. Hajiya Binta ta ji muryarsa, ta matse hannuna, ta zuba mini jajayen idanunta.

"Kyaftin ne? Don Allah ki ce su taso. Yaya bai ga Inna ba, ki ce su taso."

Matan da ke kusa duk suka juyo suna kallona. Na ɗaga kai na dubi ɗan abin da ake gani na sama daga tsakar gida. Ya yi duhu. Iska ta fara kaɗa ƙofar langa-langar da ke bayan rumfa, kuma na ji sanyinta a wuyana. Na san abin da wannan sanyin yake nufi, shi ya koya mini. Na buɗe baki na ce masa, "Na duba. Yana nesa tukuna. Allah ya kawo ku lafiya." Ya ce, "To," ya kashe wayar. Hajiya Binta ta ce Allah ya yi mini albarka. Wannan ita ce ƙaryar da na yi, kuma ba wanda ya san da ita a cikinku sai yau. Ban yi ta don mugunta ba. Kunya ce ta hana ni tsallake ƙafafun tsofaffi, kunya ce ta hana ni zama matar da ta hana ɗa ganin gawar uwarsa a gaban mata talatin.

Ana kiran sallar la'asar iska ta taso da gaske. Tabarmi suka fara tashi, butoci suna gangarawa, mata suka yi cikin ɗakuna. A cikin wannan hayaniyar na ji ƙarar jirgin. Ƙofar Ruwa ba ta da nisa da filin jirgi, kuma ƙarar wannan jirgin na san ta kamar tarin mijina. Wata tsohuwa ta ce, "Alhamdu lillahi, ga su nan." Ni kuwa na ji ƙarar ta yi ƙasa, sannan ta sake tashi da ƙarfi ta yi nisa. Na san ya gwada sauka ya fasa. Na tsaya a tsakar gida ruwa yana dukana, ina roƙon Allah ya sa ya juya ya tafi Kaduna ko ko'ina. Can sai na sake jin ta tana dawowa. Daga nan tsawa ta rufe komai, ban ƙara jin ta ba.

Abin da ya faru a cikin jirgin, babanku ne ya gaya mini da bakinsa a asibiti, bayan kwanaki, yana kwance an ɗaure shi daga ƙirji zuwa ƙugu. Da ya gwada sauka na farko iska ta watsa shi gefe, sai ya ɗaga jirgin, ya gaya wa masu hasumiyar filin jirgi zai juya wani gari, domin yana da man da zai kai shi. Alhaji ya ji. Ya kwance bel ɗinsa, ya taso ya tsaya a bayan kujerar babanku, ya dafa kafaɗarsa.

"Auta, uwata ce a kwance. Ga Kano nan ina gani da idona. Ka juya da ni, a rufe ta ban gan ta ba? Ka sake gwadawa sau ɗaya, don darajar Gwani."

Babanku ya ce masa ya koma ya zauna ya ɗaura bel. Sau uku ya faɗa. Alhaji ya ce zai zauna in ya ga an nufi ƙasa. Babanku ya juyo da jirgin. Suna gab da taɓa titi iska ta danno su daga sama kamar an ɗora musu buhu, jirgin ya daki ƙasa, ya zame a kan ruwa, ya bar titi ya faɗa wani kwazazzabo, fiffike ɗaya ya karye. Mutum biyun da ke baya, abokan kasuwancin Alhaji, suna ɗaure a kujerunsu, ƙurjewa kawai suka yi. Alhaji bai kai ga zama ba. Nan take ya cika. Babanku ƙashin bayansa ya karye, kuma daga ranar bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Ga abin da ba na iya mantawa. Hajiya Inna dai an rufe ta a ranar, bayan ruwa ya ɗauke, gab da magariba, ɗanta bai gan ta ba. Kabarin ya cika da ruwa kamar yadda aka ji tsoro. Masu haƙa suka sa bokiti suka kwashe, suka zuba busasshiyar ƙasa, kuma waɗanda suka je sun ce aikin bai ɗauki rabin awa ba. Rabin awa da bokiti biyu, shi ne abin da aka guje wa. Washegari da safe aka haƙa wani a gefensa aka sa Alhaji, Yaya Malam ne ya ja sallar duka biyun.

Tun kafin a yi sadakar uku labari ya gama gari, kuma ya riga ya sami siffar da kuka taso kuka tarar. Direba ya yi taurin kai. An ce masa ya jira ya ƙi. Yana son ya burge ubangidansa. Na zauna a gidan gaisuwa na ji wannan daga bakin matan da suke zaune a gefena lokacin da Yaya Malam yake waya, matan da suka zuba mini ido in ce su taso. Ba wadda ta tuna. Mutum biyun da suka tsira kuwa, da aka tambaye su, suka ce sun firgita, ba su san abin da ya faru ba. Wai mutum ya tashi tsaye a jirgin da bai fi ɗakin girki faɗi ba, a gaban idonsu, amma ba su gani ba. Kuma jirgi ƙarami irin wannan ba ya ɗauke da na'urar naɗar maganar cikinsa, saboda haka babu shaida sai bakin mutane.

Aka kafa kwamitin bincike. Kwana biyu kafin su zo asibiti su ji ta bakin babanku, Yaya Malam ya zo da yamma, ya ja kujera ya zauna a gefen gado. Ina zaune a ƙasa ina ɓare lemo.

"Auta, na ji an ce masu bincike za su zo. Abin da ya faru ya faru, ƙaddara ce, ba wanda ya isa ya kauce mata. Alhaji yana gaban Ubangijinsa. Ba a tona mamaci, ka sani. Ga marayunsa, ga iyalinsa. Kada a ji wata magana daga gidan Gwani."

Ban san lokacin da na ajiye lemon ba. Shekara goma sha biyar ina gidansu ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskar Yaya Malam ba, ran nan na duba.

"Yaya Malam, wayar da ka yi fa? Ita ma ba za a faɗa ba?"

Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. Ya juya wajen ƙaninsa.

"Auta, haka ka bar iyalinka?"

Babanku ya ce, "Rabi, ya isa." Yaya Malam ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya tafi. Da ya fita na tashi na rufe ƙofa, na yi wa babanku faɗan da ban taɓa yi masa ba, yana kwance ba ya iya ko juyawa. Na ce ƙaddara ba ta yin waya. Na ce in ba a tona mamaci, shi mai rai da 'ya'ya uku fa, shi za a binne da ransa? Na ce lasisinsa ne da sunansa, kuma sunansa shi ne abin da zai bar muku. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce shi ne ke riƙe da jirgin, kuma duk abin da aka faɗa a bayansa, hannunsa ne ya juya shi. Ya ce ba zai tsaya a gaban baƙi ya ɗora wa mutumin da ya goya shi ba, ba kuma zai kai sunan yayansa cikin takarda ba.

Ranar da masu binciken suka zo, mutum uku ne da takardunsu. Sun daɗe a wajensa. Da suka fito, babbansu, wani dattijo mai gilashi da ya ce shi ma tsohon matuƙi ne, ya tsaya a gabana a baranda. Ya ce ya san aikin Kyaftin, kuma wannan saukar ba ta yi kama da shi ba.

"Malama, mun ga an kira shi, shi ma ya kira ki, kafin ya tashi. Akwai wanda ya matsa masa? Me kuka tattauna? In akwai abin da kika sani, yanzu ne lokacinsa."

Ga ƙofar da nake ta ihu a buɗe, an buɗe mini. Ni da na yi wa Yaya Malam tsaye, ni da na cika ɗaki da faɗa. Amma ba yadda zan faɗi wayar Yaya Malam in tsallake tawa. In na fara, sai na kai ga cewa mijina ya ce in hau bene ban hau ba, na ce masa na duba. Na ga fuskokinku ku uku, na ga yadda za a riƙa nuna ni a gidajen biki. Na ce wa dattijon, "Gaisuwa kawai muka yi, ya yi mini ta'aziyya." Ya daɗe yana kallona, ya rufe littafinsa, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Rahoton da ya fito ya ce matuƙi ya yanke shawarar da ba ta dace ba, ya kuma kasa tabbatar da fasinjansa yana ɗaure a kujera. Aka soke lasisinsa, lasisin da ko an bar masa ba shi da ƙafar amfani da shi. Abin da aka ƙwace a gaskiya sunansa ne.

Sauran kun gani da idonku, ko da yake kuna yara. Kun ga keken guragu a zaure, kun ga yadda ya koma koya wa 'ya'yan unguwa lissafi. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne mutanen da suka daina tsayawa. Waɗanda a da suke tare motarsa su ce Kyaftin a sa mu a addu'a in an hau sama, suka koma ɗaga hannu daga nesa. Iyalan Alhaji ba wanda ya taka gidanmu, har Hajiya Binta da ta sa mini albarka. Ke Yagana, kin dawo daga makaranta kina kuka an ce ubanki ya kashe mutum, na share miki hawaye na ce ki rabu da su, alhali amsar tana bakina. Yaya Malam kuwa a damina ta gaba ya yi wa'azi a masallaci a kan gaggauta binne mamaci da haramcin ajiye gawa don jiran wani. An ce wa'azin ya yi kyau ƙwarai, mutane har kuka suka yi. Babanku yana sahun baya a kekensa yana saurare. Da ya dawo ya gaya mini yana murmushi, ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a keken nan. A daminarsa ta ƙarshe, jikinsa ya riga ya yi rauni, wata la'asar muna tsakar gida hadari ya taso. Na tashi zan kwashe shanya, sai ya ce, cikin tsokanar nan tasa, "Malama, hau ki duba mini gabas mana." Tun ranar hatsarin bai ƙara faɗin haka ba. Na tsaya da zani a hannu. Na durƙusa a gaban keken na gaya masa komai, matakalar, matan, hannun Hajiya Binta, dattijon mai gilashi. Na ce ni na kashe Alhaji, ni na karya masa baya, ni na bari aka ɓata masa suna. Ya bari na gama.

"Na sani, Rabi. Na ji ƙofar langa-langa tana bugawa a bayanki. Kuma duk ranar da kika hau bene kina haki kike ba ni amsa. Ran nan ba ki yi haki ba."

Na ce, "To me ya sa ka taso? Don Allah me ya sa?"

"Alhaji yana gabana yana kuka, Yaya ya ce in taso, ke ma na ji an kewaye ki. Na duba na ga ni kaɗai ne zan ce a'a, sai na ji kunya. Wannan nawa ne, kada ki ƙwace mini. Ki riƙe naki, ki bar mini nawa."

Na riƙe nawa, ga shi na ajiye a gabanku. Nasa ma ban ɓoye ba, ya juya jirgin da ya san bai kamata ya juya ba, kuma bai taɓa musun haka ba. Amma ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba har in koma ga Allah, a ce kayan da mutum biyar ko hamsin suka ɗaura a ɗora wa mutum ɗaya, don shi ne mai kawaicin da ba zai yi magana ba. Alhaji ya ce a ajiye gawa. Dattawan zaure sun san ba daidai ba ne suka yi shiru. Yaya Malam ya ce a yi tsere da hadari. Ni na ce na duba. Dukanmu kunya muka ji, kowa ya tura ta gaba, har ta isa wajen wanda babu kowa a gabansa sai iska. Yaya Malam yana nan da ransa a Ƙofar Ruwa, na aika masa cewa zan rubuta, bai ba ni amsa ba. Wanda yake shakka a cikinku ya je ya gaishe shi ya tambaye shi.

Kun san tun da aka kawo ni gidan babanku ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Kyaftin nake cewa, ko babanku, kamar yadda uwata ta yi wa ubana. Ina ganin wannan ita ce kunyar da ta dace, sauran kuwa sun ishe ni. Amma na ga in na ci gaba da rufe baki, sunan zai bi ni kabari, tunda ku kun ji nauyin ɗaukarsa. Saboda haka yau zan rubuta shi da hannuna, karo na farko kuma watakila na ƙarshe. Sunansa Abubakar. Bai kashe kowa ba. Wanda Allah ya sake ba ɗa namiji a cikinku, ga sunan nan na ajiye, ba wanda ya taɓa shi.